Yadda za ka sayi motar shekarun 1980 ba tare da ka sayo wa kanka ciwon kai ba

Duk wanda ya kamu da son tsofaffin motoci ya san yadda abin ke farawa, kana cikin tafiyarka ba ka nemi kowa da rigima ba sai ka hango wata Mercedes 230E a fake, fenti ya ɗan kwanta amma kwarjininta na nan, ko wata BMW mai fitila huɗu a gaba ta wuce ka da wannan kukan na silinda shida, shikenan daga ranar ka shiga uku, dare ya raba kana ta duba hotuna a waya kana lissafi da kuɗin da ba ka da su. Toh ni ba hana ka zan yi ba don nima ciwon ne ke damuna, kuma motocin shekarun 1980 sun isa a so su. Lokaci ne da masu ƙera mota suka riga suka ƙware a injekta da turbo da birki mai kyau amma kwamfuta ba ta gama mamaye mota ba tukuna, za ka buɗe bonet ka gane abin da kake kallo, da sifana da sukundireba ka yi rabin aikin da kanka.

Abu ɗaya dai nake so ka riƙe kafin mu shiga kiran sunaye: a tsohuwar mota bodi kake saya, ba inji ba. Inji in ya buga ana sauke shi a gyara ko a ɗora wani, giya ma haka, amma ranar da tsatsa ta cinye ƙasan mota da wuraren da ke ɗauke da nauyinta toh ka shiga aikin walda wanda ba shi da ranar ƙarewa, duk inda aka yanke sai a tarar da wani ruɓaɓɓen a bayansa. Mutane da yawa juya abin suke yi, su je su tsaya suna sauraron kukan inji suna gyaɗa kai kamar likitoci, ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

Wacce ma za ka nema tukuna

Mu fara sallamar na jikin bango, wato waɗanda samarin lokacin ke liƙa hotonsu a ɗaki. Lamborghini Countach mai ƙofa tana ɗagawa sama, Ferrari Testarossa ta 1984 mai tsage-tsagen nan a gefe, Porsche 959, sai F40 ta 1987 wadda ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita kafin ya rasu a 1988, duka-duka 1,300 da 'yan kai aka ƙera. Waɗannan namu kallo ne. Ko kyauta aka ba ka Testarossa, canza taimin bel ɗinta kawai, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, sai an sauke injin gaba ɗaya daga jikin motar, kaga kyauta ta koma bashi kenan. DeLorean ma haka, wadda aka ƙera a Ireland ta Arewa a 1981 da 1982, kusan guda 9,000, an lulluɓe ta da ƙarfen da ba ya tsatsa sai mutane su ɗauka ta fi ƙarfin ruɓewa, alhali sasis ɗin da ke ƙarƙashinta ƙarfe ne na gama-gari kuma yana cin tsatsa sosai, ga injin V6 mai ƙarfin doki 130 kacal, kyan ɗan maciji kenan.

In motarka ta farko ce a wannan harka, ni W123 zan nuna maka, wato Mercedes ɗin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan miliyan 2.7. Yawan nan shi ne rufin asirinka, don kayan gyara na nan kuma duk inda ka je a duniya za ka samu bakaniken da ya taɓa kwance ta. Akwai 200 da 230E masu silinda huɗu, akwai 280E mai silinda shida wadda ta fi su gudu ta kuma fi su shan mai, sai na dizal 240D da 300D. Ita 300D injin OM617 ne a cikinta mai silinda biyar, kuma da wuya ka samu injin da ya kai shi suna wajen ƙin mutuwa. 240D kuwa ƙarfin doki 72 ne a mota mai nauyi haka, in za ka wuce babbar mota sai ka fara shiri tun daga nesa, amma za ta kai ka ta dawo da kai. W123 cen take amfani da shi wajen taimin, wato sarƙar ƙarfe, ba bel ba, wannan ma wani kwanciyar hankali ne. Abin da ya kamata ka sani game da ita shi ne abubuwa da yawa a jikinta da zuƙar iska suke aiki ba da lantarki ba, makullan ƙofa, har da kashe injin a na dizal. In wani siririn tiyo ya tsage za ka murɗa ki ka zare shi mota ta ci gaba da kuka abinta, wanda bai sani ba sai ya ɗauka aljanu ne, alhali akwai ɗan hannu a jikin injin an rubuta STOP, ka danna ta mutu, gyaran kuma ba wani abu ba ne. Ƙannenta ma na nan, 190E da ta fito a 1982 da W124 da ta biyo baya, kuma in ka ji masoya 190E na cika baki da 2.3-16 toh suna da hujja, Cosworth, kamfanin injin tsere na Birtaniya, ne suka yi mata kan inji, kuma da irinta Ayrton Senna ya ci tseren buɗe sabon filin Nürburgring na Jamus a 1984 tun bai yi suna sosai ba.

In kuma tuƙi kake so ba zaman sarauta ba, toh BMW E30, 1982 zuwa 1994. 325i ita ce ta tsakiya mai daɗi, injin M20 silinda shida, tayoyin baya ke ja. Sai dai fa shi M20 bel ne da shi, kuma in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, kan inji ya tafi kenan. M3 ta 1986 kuwa wani mataki ne daban, an yi ta ne don dokar tsere ta ce sai kamfani ya ƙera guda 5,000 na hawa titi kafin a bar shi ya shiga da ita, silinda huɗu ce mai lita 2.3 da ƙarfin doki kusan 200, yanzu ta koma hannun masu tara motoci.

Ƙananan masu zafin nama su ma suna da jama'arsu, kuma rigimar Golf GTI da Peugeot 205 GTI har yau ba ta mutu ba. Golf ce ta fara a 1976, doki 110 a mota mai nauyin kilo 800 da ɗoriya, ta biyun ta zo ta ƙara girma da natsuwa, mai bawul 16 ɗin tana ba da doki 139. 205 GTI ta shigo a 1984 da lita 1.6, daga baya aka yi mai 1.9 mai doki 130, kuma inaga a daɗin sitiyari ta fi Golf, su 'yan Golf su yi haƙuri. Amma tana da hali, in ka shiga kwana da gudu ka ɗage ƙafa daga totur kwatsam bayanta juyowa yake, da yawa daga cikinsu a haka suka ƙare. Golf ta fi ta ƙwarin jiki a ciki, ita 205 robobin dashbod ɗinta ƙara suke kamar gwangwani da tsakuwa.

Toyota Corolla AE86, 1983 zuwa 1987, Levin da Trueno mai fitila tana buɗe ido, injin 4A-GE lita 1.6 tayoyin baya ke ja, ita ce uwar masu wasan zamiya da mota a kwana, shi ya sa samun wadda ba a taɓa maka ta da bango ba sai an tona. Volvo 240 kuwa ba ta da kyan da za a juyo a kalle ta, kamar akwati take, amma an ƙera ta daga 1974 har 1993 kuma injinta haƙuri gare shi kamar jaki. Land Cruiser 60 in kana son babba. Porsche 944 in kana son sunan ba tare da ka kai ga 911 ba, sai dai ita bel biyu gare ta masu son kulawa kuma ba kowane bakanike ya iya ɗaure su daidai ba. Audi Quattro ta 1980 ita ce ta koya wa duniyar tseren daji jan taya huɗu, da ita Michèle Mouton ta ci tseren Sanremo na Italiya a 1981 ta zama mace ta farko da ta ci zagayen gasar duniya, amma 11,000 da 'yan kai aka yi kuma kayanta wahala suke, ba ta ɗan koyo ba ce.

Zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta. Wanda yau yana neman Mercedes gobe Golf jibi Toyota ba zai taɓa sanin ko ɗaya ba, dillali kuwa daga tambayarka ta farko yake gane haka. Ka ɗauki wata ɗaya ko biyu kana karanta komai a kan wannan samfurin, ka shiga cikin masu irinta ka yi ta tambaya, ka nemo jerin kayan gyaranta ka ga wanne ake samu wanne ya ɓace, kuma tun kafin ka sayi motar ka san wa zai riƙa taɓa maka ita. Waɗannan motocin ba su da wurin soka na'urar nan ta zamani da ke karanto matsala, sai a 1996 aka wajabta ta a Amurka, don haka bakaniken da ya saba na'ura ta gaya masa komai zai tsaya ne yana kallon injin shi ma yana kallonsa.

Ranar zuwa gani

Ba a cinikin biri a sama, hoto da bidiyo ba sa nuna tsatsa, ka je da ƙafarka ko ka tura wanda ka yarda da idonsa. Ka je da rana tsaka, kar ka yarda da magariba, kar ka yarda ana ruwa ko an wanke ta yanzun nan ba ta bushe ba, jiƙaƙƙen fenti ko na shekara arba'in ne sheƙi yake. Ni na koyi wannan da kuɗina, E30 ɗina ta farko da yamma na gan ta ana yayyafi, tana ta ƙyalli, mai ita yana ta ba ni labarin yadda yake ji da ita, bayan sati biyu na sa mata jak zan cire taya sai ji na yi ƙuruss, jak ya shige cikin bodi, da aka tona wurin fila ce, wato ƙullin da ake cike lotsewar bodi da shi, da ragar waya aka cusa aka shafe da baƙin fenti. Injinta lafiya lau wlh, har na rabu da ita bai taɓa ba ni matsala ba, amma bai hana ta zama gawa ba.

Ka tafi da tocila, da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi sosai ka naɗe shi a ƙyalle kar ya karce fenti, da tabarma ko kwali da za ka kwanta a kai, da kayan da ba ka jin tsoron su yi datti. Maganaɗisun ka bi da shi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, da doguwar dokin ƙofar nan da ke ƙarƙashi daga tayar gaba zuwa ta baya. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki ko ya yi sanyi-sanyi toh fila ce aka cika. Ba ya aiki a kan alminiyom da roba, kar ka je ka zargi bawan Allah a kan bamba. Ka tsaya a kusurwar mota ka kalli gefenta a tsaye yadda haske ke kwanciya, in ka ga yana rawa kamar ruwa an yi aiki a wurin. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, da ta bonet da but, hagu da dama su zo ɗaya. Ka ɗaga robar gilashi kaɗan da farce, in akwai wani launi a ƙasa ko fenti ya hau kan robar an sake fenti, wanda ba laifi ba ne a mota mai wannan shekaru, laifin shi ne a ce maka ba a taɓa ba.

Sai ka shiga inda mai mota ba ya so. Ɗaga kafet na gaba da na baya ka taɓa da hannu, in da danshi ko warin rima toh ruwa na shiga, kuma ruwan da ya kwana a ƙarƙashin kafet daga ciki yake cin ƙarfe ya fito waje. Fitar da safaya taya ka haska ramin. Cire batir in an bar ka ka ga farantin da yake zaune a kai, ruwan batir na cin wurin, a W123 wannan sananne ne, daga nan ruwa ke gangarawa ƙafar fasinja. Wuraren sa jak guda huɗu ka danna su da ƙarfi da babban yatsa. In motar mai rufin buɗewa ce akwai 'yan tiyo da ke zubar da ruwansa ta cikin ginshiƙai, in suka toshe ruwan a cikin bodi yake zama shekara da shekaru. A Land Cruiser 60 ka duba magudanar ruwan da ke bakin rufi da ƙofar baya da shi kansa sasis ɗin. Ƙananan ƙuraje a jikin fenti kar ka raina su, ɗan hakin da ka raina ne, abin da ka gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ciki don tsatsar ta riga ta huda ƙarfen kafin ta ɗago fenti. Kuma in ka leƙa ƙasa ka ga an shafe ko'ina da sabon baƙin kwalta mai kauri alhali sauran motar ta tsufa, tambayi kanka me ake rufewa.

Ba kowace tsatsa ce ke kashe ciniki ba fa. Ta saman ƙarfe wadda za a goge a shafa magani ba komai, fenda da ƙofa da bonet kuwa kwancewa ake a sa wasu. Wadda za ka juya ka tafi a kanta ita ce ta inda shokozoba ke ɗaure, inda ƙafafun baya ke riƙe da bodi, dokin ƙofa, ƙasan ginshiƙan gilashi da sasis. Waɗannan ko an ce za a rage maka rabin kuɗi ka yi godiya ka kama hanya, araha ba ta ado.

In bodi ya tsallake sai a zo kan inji. Tun a waya ka ce kar a tayar da ita kafin ka zo, da ka isa ka ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi an riga ka, don injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. Buɗe murfin baƙin mai ka duba, in ka ga wani farin abu mai kauri kamar kirim yana iya zama gasket ya ƙone ruwa na haɗuwa da mai, kodayake motar da ba ta yin doguwar tafiya ma takan tara irinsa kaɗan, sai ka haɗa da duba ruwan lagireto, in da maiƙo a samansa ko yana tafasa da kumfa inji na aiki toh magana ta tabbata. Sa wani ya tayar kai kana baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, ringi ko robobin bawul, fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan ta yi zafi ruwa ne, baƙi kuma man da take sha ne ya yi yawa, sau da yawa saiti ne kawai. Fitilar baƙin mai ta dashbod ya kamata ta mutu nan take da an tayar. In da hali a auna matsin kowace silinda, abin da ake nema su yi kusa da juna, kar wata ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100.

Kar lambar kilomita ta ruɗe ka. Haƙoran robar da ke juya mitar a BMW da Mercedes na wannan zamanin karyewa suke don tsufa, mita ta tsaya shekaru ana ta hawa, wasu kuma da hannu ake mayar da su baya. Robar feda, sulɓin sitiyari, gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga, su ba sa ƙarya. Tarin rasit na gyara ya fi min ƙaramar lamba daraja nesa ba kusa ba, kuma motar da ake hawa kullum ta yi kilomita 300,000 ta fi wadda aka kulle a gareji shekara goma sha biyar ba a taɓa ba, don zama na busar da robobi, birki ya kame, mai ya ruɓe a tanki ya toshe komai. Masu injekta ta Bosch K-Jetronic, irin Golf GTI da 230E da 280E, su suka fi tsanar zama, tsarin ba na lantarki ba ne, matsin mai ne ke tafiyar da shi, datti kaɗan ya shiga ta fara shaƙewa.

Lambar sasis ta jikin mota ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi, ka kuma duba ko an taɓa yanka ko walda a kewayen wurin. A nan ne kuma ake kama na jabu, don duk motar da ta yi suna akwai masu yi wa ƙanwarta kwalliya su sayar da sunanta. Golf ta gama-gari a liƙa mata jan layi da bajon GTI, AE85 mai lita 1.5 a mayar da ita AE86, a Amurka ma akwai SR5 wadda lambarta AE86 ce amma ba 4A-GE ne a cikinta ba, GT-S ce mai shi. M3 ta gaske gilashin bayanta ya fi na sauran E30 kwanciya kuma murfin but ɗinta ya ɗaga sama, ba faɗin fenda kaɗai ba ne. In daga wata ƙasa za ka shigo da ita ka binciki dokar shekaru tukuna don kowace ƙasa da tata, Jamus na ba da lambar motar tarihi a shekara 30, Birtaniya na ɗauke haraji a 40, Amurka kuma sai mota ta cika 25 ake barin a shigo da wadda ba a yi don kasuwarsu ba.

Tuƙa ta da kanka, rediyo a kashe, aƙalla minti ashirin har ta yi zafi sosai, ka bi da ita hanya mai gargada ka ji ƙafafu, ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya inda ba kowa. A manuwal ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka take totur, in inji ya ɗaga murya mota ba ta ƙara gudu ba kuloci ya tafi. Bayan kun dawo ka bar ta tana aiki a tsaye kana kallon allurar zafi. In 205 ce ka koma bayanta ka tsuguna, in saman tayoyin baya ya karkato ciki ƙafar bayan ta ci, aiki ne sananne a jikinta. Danna kowane maɓalli, gilashi, fanka, waifa, fitilar dashbod, don a Volvo 240 misali canza motar fankar hita kaɗai sai an kwance rabin dashbod.

Bayan ta shigo hannu

Kar ka kashe duk kuɗinka a saye, ka ajiye wani kaso mai kauri gefe don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma dan Allah kar ka fara da fenti da rim da sifika, kowa da su yake farawa. Fara da taimin bel in mai bel ce, ko mai ita ya rantse jiya ya canza, in ba rasit ka canza, har da famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. Sai tiyon mai gaba ɗaya, wannan kam ba wasa, robar shekarun 1980 ba a yi ta don fetur mai haɗin itanol na yanzu ba, tana tsagewa ta riƙa tsiyaya a kan inji mai zafi, tsofaffin motoci da yawa wuta ce ajalinsu ba hatsari ba, ka sayi abin kashe gobara ka ajiye inda hannunka zai kai kana zaune. Man birki a zubar a sa sabo don yana shan danshi, duk shekara biyu ake so, tiyon birki na roba ma a duba. Baƙin mai, man giya, ruwan lagireto da tamostat, kar ka bari a cire maka tamostat a jefar wai don maganin zafi, ɓoye ciwon kawai aka yi.

Taya kuma ba zanenta za ka duba ba, shekarunta. A gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin sati na 23 a 2015. In lamba uku ka gani toh kafin 2000 aka yi ta, ko zanenta bai taɓu ba ta zama dutse. Esi ɗinsu da gas ɗin R12 aka yi shi wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, sai an juya tsarin zuwa R134a da canza mai da robobi, ba ɗura sabo a kan tsoho ba, kuma ka sa a ranka sanyin ba lallai ya kai na da ba. Wayarin in ka tarar an yi masa ɗaure-ɗaure da salatif ka nemo rewaya mai haƙuri ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, yawancin abin da ake kira matsalar lantarki a motocin nan wayar as, wato wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, ce ta yi tsatsa ko fis ya yi datti.

Sannan ka hau ta. Ko sau ɗaya a sati, tafiyar da za ta yi zafi har cikin mai, ba tayarwa a gareji minti biyar a kashe ba, wannan ruwa kawai yake tara mata a salansa. In dole ta zauna ka cire kan batir, ka ƙara wa tayoyi iska, kar ka ja hambirki ka bar shi wata da watanni, ka sa dutse ko katako a taya, kuma wurin ya zama busasshe mai iska, tamfol ɗin roba a kan mota a waje gumi yake sa ta.

Duk abin da ka cire na asali kar ka yar, rediyon Becker ko Blaupunkt, sitiyari, rim, ko madubin da ya tsage, sa a kwali ka rubuta sunansa. Abin mamaki a wannan harka fistin da bel da famfo ba sa wahalar samu, har yanzu ana ƙera su, abin da zai sa ka yi wata shida kana nema shi ne ɗan murfin roba na dashbod, ko kilif ɗin da ke riƙe ƙarfen ado na gefen ƙofa, ko gilashin sigina na samfurin shekara ɗaya tak. Shi ya sa ranar da za ka ɗauko motar, bayan an gama ciniki an miƙa maka ki, ka tambayi mai ita ko akwai wani tarkace nata da ya rage a gareji, kusan kullum akwai wani kwali a lungu da shi kansa ya manta da shi, da safaya ki da littafin motar a ciki.